Dutsen Guga da Manhajar Yaya

Ana tsakiyar taro a ofis na tuna ban kashe dutsen guga ba, kuma a kan rigar Mama na bar shi. Amma ban tashi ba. Ai Yaya ya haɗa kayan wutar gidanmu da wayata ta wata manhaja tun bara.

"Ban buɗe ko ƙofa ɗaya a na'urar intanet ba," in ji shi ranar, yana hura hanci. "Ɓarayin intanet sai dai su leƙa su wuce. Ke dai danna kawai, ƙanwata."

Kuma manhajar ba ta taɓa ba ni kunya ba. Fanka, fitila, injin ruwa, da na danna sai su mutu.

Na ɓoye wayar a ƙarƙashin tebur, na danna "kashe guga". Shiru. Na sake dannawa.

Sai ga saƙo ya fito:

"Ke 'yar nan, bar danne-dannen nan, ina wajen aski, an yi rabin kai. Kullum kika danna, saƙo ne yake shigowa wayata, ni nake tashi in kashe. Yau kam kira maƙwabciya. Babanki."