Guntuwar Igiya a Bakin Ƙofa

Zauna, Tanimu, ka bar wannan hucin. Don ka tashi daga zaman sulhu ba a gama ba, wasu sun ce maka matsoraci, shi ne ka zo mini ido jawur? Kai dai da saurin hawa kake. Tsaya in ba ka misali.

Ka san akwai jiragen soja masu tafiya a ƙarƙashin teku. To, wani irinsu ne injinsa ya mutu, ya sulale ya kwanta can ƙasa da mutane a ciki, da ransu, iskar da suke shaƙa tana ta ƙarewa. A wannan zurfin ba mai fita ya yi iyo, nauyin ruwa kaɗai ya isa ya murƙushe mutum. Sai aka kawo wani ɗan ƙaramin jirgin ceto. Aikinsa shi ne ya nutsa, ya lalubo ƙofar da ke saman babban jirgin, ya kife a kanta kamar yadda ake kife kwano a kan faranti, a zuƙe ruwan da ke tsakani da famfo, sannan a buɗe mutane su hauro. Matuƙin ɗan jirgin nan kuwa, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya yana cikin waɗanda ke ƙasa.

Suka nutsa, shi da abokin aikinsa, cikin duhun da ko tafin hannunka ba ka gani sai da fitila. Ya sami ƙofar, ya kife a kanta. Mutanen ƙasa suka ji ƙarar ƙarfe a saman kansu, suka shiga buga guduma don murna. Famfo ya ja ruwa, ya ja, amma wurin bai bushe ba. Ta gefe guda ruwa yana ta tsiyayowa, siriri, ba ya yankewa. Abokin ya ce a buɗe kawai, ai ko randa tana tsattsafo. Matuƙin ya ƙi. Ya san yoyon ɗaki ne ake tarawa a bokiti, wannan kuwa teku ce gaba ɗaya ke tsaye a bayansa, tana jiran a ba ta hanya. In aka buɗe ƙofar a haka, da na ƙasa da na sama duk an gama. Sai ya saki, ya ɗaga jirginsa ya ja baya.

Wayyo, ka ji bugun guduma! Na ɗazu murna ne, na yanzu roƙo. Abokin ya ce masa marar imani, ya tambaye shi ko ya manta wa ke ciki. Shi dai ya haska fitila yana bin bakin ƙofar a hankali, har ya hango abin: guntuwar igiyar tarun masunta, ba ta fi tazuge kauri ba, ta kwanta a daidai inda robar bakin jirginsa mai toshe ruwa ke zama. Ya miƙa hannun ƙarfen da ke gaban jirgin ya kama, ta suɓuce. Ya sake, ta suɓuce. Bugun ƙasa ya fara rauni, yana yi yana tsayawa, wannan kuwa ya fi zagin abokin cin rai. Amma matuƙin bai yi garaje ba, sai da ya cire ta tas. Ya koma ya kife, famfo ya ja, wuri ya bushe ƙayau. Sannan ya ce a buɗe.

Aka riƙa turo mutane sama, wasu ko tsayuwa ba sa iyawa. Ƙanen nasa ɗauko shi aka yi, numfashi da kyar. Da ya ɗan farfaɗo ya ga wanda ke riƙe da shi, sai ya ce, "Yaya, da na ji ka tashi, wallahi har na yafe maka." Matuƙin nan da ya daure tun saukarsu, a nan ya fashe da kuka. An ce masa marar imani, ƙanensa ya zaci ya gudu, duk ya haɗiye, ya kuma fito da kowa da ransa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ja da baya ga rago ba tsoro ba ne.