Ranar Cike Gurbin Dagaci

Mas'udu ya kasa zama. Ya tashi, ya gyara riga, ya sake leƙa hanyar Gusau. Ubansu, dagacin wani ƙauye a ƙasar Bunguɗu, ya rasu, Baturen mulki kuma ya ce a cike gurbin da zaɓe: kowa ya tsaya bayan wanda yake so.

Da Baturen ya iso, gari ya jeru bayan Mas'udu. Yayansa Jatau, tsohon masinjan Baturen, mutum huɗu kacal ya samu.

Jatau ya raɗa wa Mas'udu, "Kada ka ba mu kunya. Ɗan mutunci ba ya karɓar sarauta a tayin farko."

Tafintan Baturen ya tambayi Mas'udu ko ya karɓi sarautar. Mas'udu ya sunkuyar da kai. "Ranka shi daɗe, ban isa ba. Ga yayana."

Ya tsaya jiran a roƙe shi, yadda aka roƙi ubansu har sau uku.

Bature ya rubuta sunan Jatau, ya hau dokinsa.

Jatau ya matso yana murmushi. "Shekara tara na yi masa aiki, ƙanena. Bai taɓa tambaya sau biyu ba."