Magini da 'Yar Farinsa

Gwaggo Tabawa mai kitso ce ta fara ba ni labarin nan, kaina na kan cinyarta. Wani maginin ƙasa ne ciwon dajin mafitsara, irin na maza, ya ci shi har ya kai ƙashin baya. Likita ya ɗebi jininsa aka kai gwajin ƙwayoyin gado. Da sakamako ya fito ya ce masa, "Baba, jikin kowa na da masu yaɓe tsaga, kamar yadda kake wa katanga bayan damina. Naka masu yaɓen ba su da ƙarfi, kuma gado ka yi. Daɗin abin, akwai maganin da ya fi kama irin naka. Amma ka faɗa wa 'ya'yanka su zo gwaji, har matan, don su a nono yakan fito musu."

To, mazan ba wuya, a zaure ya tara su. Aikin yana wajen 'yar farinsa. Tun da aka haife ta kunya ba ta bar shi ya kira sunanta ba, sai "yarinyar nan", ga ta har da surukai. Yau shi zai buɗe baki ya yi mata zancen fitsarinsa da nononta? Ya aiki ƙanwarsa, ita kuma ta je ta yi ta kewaye-kewaye, ta ƙare da "babanki na gaishe ki". Rannan dai ya dogara sanda har gidanta, ya zauna ya ba ta baya, ya fuskanci garu, ya kira sunanta, ya faɗi komai. Ta sha kuka, ta tafi asibiti. Ashe kuwa ta gado shi. An tarar da ɗan ƙullutu bai kai gyaɗa ba, aka cire. Tana nan garau tana dakan furarta. Shi bai warke ba, kada in yi miki ƙarya, amma maganin ya riƙe shi, har yana zama a inuwa yana wa yaransa faɗan kwaɓin ƙasa.

Ni kuwa washegarin kitson ko koko ban sha ba na nufi gidan nawa ɗan farin, na gaya masa ainihin abin da ya kashe ubansa, irin dajin maginin nan, wanda muka yi ta ce wa ciwon ciki. Ya sunkuyar da kai. Na ce ɗago ka dube ni, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.