Allon Goshin Mota

Masu sayen tsohon ƙarfe sun kunna wutar yanka ke nan, sai tsohon ya dogaro sanda ya tare gaban motar.

Jikansa, wanda ke kiransa Nana kamar yadda ake kiran kaka a ƙasar, ya dafe kai. "Haba Nana! Jiya fa ka yarda. Makanikan Kumasi ma kakas suke ce mata da Turanci, wato mushe. Mushen ma wanda ungulu ta raina!"

"Mushen gidanku! A bisa buhunan koko ta kai kakarka asibiti, aka haifo ubanka."

"Yanzu kuma kaji ke haihuwa a ciki."

Tsohon ya shafa ruɓaɓɓen allon goshinta, inda fenti ya kusa gogewa: Gobe Ma Rana Ce. Daga Kumasi har Tamale, da rubutun nan ake kiransa, shi direbanta.

"Ku yanke komai, ku bar mini wannan."

"Katakon da gara ta cinye?"

"To sarkin baki, faɗi sunana na yanka, sai a ƙone shi."

Jikan ya buɗe baki, ya rufe. Ya dubi maƙwabta, kowa ya sunkuyar da kai. Sai ya ari guduma, ya hau ya fara zare ƙusoshin allon a hankali.