Yarinyar Jikin Bango

"Ɗaga girar kaɗan," in ji Darakta. Ƙanwar matarsa ta ɗaga. Ya sa jagira ya ja mata ɗan layi a kan girar hagu, ya ja da baya yana gwada shi da hoton da ke jikin bangon zauren taro.

Hoton ya fi ƙofa tsayi. Yarinya ce ƙarama cikin sabuwar rigar makaranta, alli a hannunta na hagu, tabo a gira, tana murmushi. Fiye da shekara ashirin ƙungiyarsu ta ilimi ga kowa tana cin abinci da wannan murmushi. An buga shi a kalanda, an manna shi a motoci, ya shiga ƙasashen da Darakta kansa sai daga baya ya taka. A kowane taro sai ya dafa ƙirji ya ce shi ya gano ta, lokacin yana ƙaramin ma'aikaci mai riƙe wa mai hoto jaka.

Labarin yarinyar kuwa tare da tumbinsa yake girma. Wata shekara ta zo ta ɗaya a aji. Wata shekara ta shiga jami'a. Bara, da magana ta yi masa daɗi, ya mai da ita likita.

To, ramin ƙarya ƙurarre ne. Masu ba da tallafi suka aiko cewa bana da kansu za su zo su gaisa da likitar, kafin su sa hannu a sabon shiri. In babu likita babu shiri, in babu shiri kujerar Darakta ta tafi. Ya tura mutane unguwar da aka ɗauki hoton, suka tarar an rushe ta an gina shaguna. Ko sunan yarinyar ba wanda ya taɓa rubutawa. Sai ya dawo gida ya ƙare wa ƙanwar matarsa kallo, mai sayar da magani a kemis, ya ga farar riga za ta karɓe ta.

"Yaya, in suka tambaye ni aikin tiyata fa?"

"Ki yi murmushi, shi suka sani. Kuma kome za ki yi da hagu, kin ji ko?"

Yana juyawa ya ga teburin manyan baƙi, ransa ya ɓaci. Katunan sunaye duk an hargitsa su. Na shugabar tawaga yana can ƙarshe kusa da fanka, biyu kuma kansu a ƙasa. Ashe sakatare ne aiki ya yi masa yawa, ya miƙa wa mai shara ta jera.

Matar ta daɗe tana share wannan zaure, amma Darakta bai san fuskarta ba. A wurinsa duk mai riƙe da tsintsiya tsintsiya ce. Abin da ya sani kawai shi ne tana jawo ɗankwali har kan ido, kuma an sha kawo masa ƙararta cewa ko'ina tana gogewa ban da gilashin hoton.

"Ke! Makauniya ce ke?"

"Ban iya karatu ba, ranka ya daɗe."

Ya ja tsaki mai tsawo. "A wannan zamani? Duniya ta kwashi yara ta zuba a aji, ke kina ina? Irinku ne ke ɓata mana rahoto." Ya nuna bango. "Dubi wannan. Talaka ce futuk kamarki, amma ta yi zuciya."

Ba ta duba ba. Ta kai hannu za ta gyara katunan, ya ture shi.

"Da hagu kuma! Ba ilimi, ba tarbiyya. Shiga ɗakin ajiya kada baƙi su gan ki. In an tashi ki ajiye mana rigar aikinmu ki kama gabanki."

Taro ya yi kyau, tir da irin wannan kyau. Darakta ya haska zane-zane a allo, kowane layi yana hawa sama. Ya faɗi yawan yaran da aka rubuta a makarantu, aka yi tafi. A cikin masu tafin nan ba wanda ya tambaya ko yaran suna iya karanta sunayensu, don tambaya tana ɓata walima.

Aka kira likita. Ta fito cikin farar riga tana murmushi, shugabar tawaga ta rungume ta har da hawaye. Da aka ba ta littafin baƙi ta kama biro da hagu ta yi wani jagwalgwalo kamar tafiyar tsutsa. Baƙi suka yi dariya, suka ce lalle rubutun likitoci ne. Kafin zufa ta wanke tabon jagira, an sa hannu a shirin.

Darakta ya raka su mota yana sunkuye-sunkuye, ya dawo yana jin kansa a sama. Kujera ta tsira. Ya ma manta da wata mai shara, sai ya gan ta tsaye a ƙarƙashin hoton, ta ninke rigar aikin tsaf.

"Har yanzu kina nan? Kawo."

Ta miƙa masa da hagu. Ta tura ɗankwalinta baya, a karo na farko idonsa ya sauka a kan tabon da ke girarta ta hagu.

"Ga ta, ranka ya daɗe, ai na saba. Waccan ta makarantar ma, ana gama ɗaukar hoton kai ka ce in cire, ka mayar da ita jaka."