Baki Ya Riga Zuciya

A Agege ana cewa ba a taɓa yin tafinta kamarta ba. Wai kafin likita ya rufe bakinsa da Yarbanci, ita ta gama da Hausa. Ma'aikatan jinya kuwa cewa suke idan tana aiki ba ta nan, ko zaginta ka yi fassarawa za ta yi.

Ranar tun safe take tsaye a ƙaramin asibitin unguwa, daga mai ciki sai mai hawan jini, har kanta ya ɗau zafi. Magana ta zame mata kayan dako, ta ɗauka nan ta sauke can. Da la'asar layi ya zo kan mahaifinta, wanda ta sa aka kawo daga Arewa saboda ciwon ciki.

Likita ya duba hoton cikin da aka ɗauka, ya sassauta murya, ya dube ta ita kaɗai, ya yi magana da Yarbanci. Ita kuwa bango take kallo, yadda ta saba.

"Ciwon ya gama jiki," ta ce da Hausa, tiryan-tiryan. "Da wuya ya kai azumi. Ku mai da shi gida, amma kada ki gaya masa."

Sai da ta rufe baki sannan maganar ta iso gare ta.

Tsohon ya gyara hularsa, ya laluba takalminsa da ƙafa.

"Kin iya aiki, uwata. Ba ki rage ko ɗaya ba."

Ta juyo ta dube shi.

"Baba, ka yafe mini."