Tsohuwar Kwamfutar Malam Is'haƙa

Malam Is'haƙa yana cikin buga suna na ɗari biyu da sha ɗaya sai janareta ya yi wani irin gurnani, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, warin ƙonewar waya ya cika shagon. Matar da ke zaune kan benci tana faɗa masa sunayen 'ya'yanta ta zuba masa ido.

Ran Talata ke nan. Ran Alhamis kwamitin agaji zai iso nan garin Isa daga Sakkwato, kuma sun aiko cewa duk wanda sunansa bai shiga takarda ba, ba za a sa shi cikin waɗanda ake nema ba. Sunayen mutanen wani ƙauye ne a bayan Kamarawa, waɗanda ba a sake jin ɗuriyarsu ba tun da 'yan bindiga suka shiga. Kwana tara Malam yana tattara su daga bakin dangi, yawancin dangin kuwa sun riga sun watse, wasu Maraɗi, wasu Sakkwato. Babu sunayen a ko'ina sai cikin wannan akwatin.

Suna na farko ba wanda ya faɗa masa shi. Na ɗiyarsa ne, Lubna, wadda ke koyarwa a makarantar ƙauyen.

Zayyanu mai gyaran kwamfuta, wanda shagonsa ke kallon na Malam, ya leƙo.

"Baba Malam, kawo ta in ciro ma'ajiyarta, mu buɗe sunayen cikin tawa."

"Taka mai Linuks? Abin da ba ya da mai shi, kowa ya ga dama ya buɗe cikinsa ya yi ƙari? Allah shi kiyaye. Sabon Birni za ni."

Duk majalisar bakin kasuwa ta san ra'ayin Malam a kan wannan manhajar ta kyauta. Shekara talatin ya yi da tafireta a ƙofar kotu kafin ya koyi kwamfuta da ƙyar, don haka ba ya son a gusa masa ko maɓalli ɗaya daga inda ya san shi. Tasa ta kamfani ce, in ji shi, ta asali. Shaidarsa kuwa ga ta: kwamfutocin gari kullum cikin kamuwa da cuta suke daga filashin mutane, tasa ko sau ɗaya. Ta haura shekara goma, amma tana tashi kafin ya gama gyara zamansa.

Har da Lubna sun taɓa yin sa-in-sa a kai, wata Babbar Sallah shekara huɗu da suka wuce, lokacin tana karatu a Sakkwato. Kwamfutar tana ta tsayawa a lokacin, ta roƙe shi ta sa mata ta kyautar. Ya ce idan ta kuskura za su ɓata. Ta yi dariya ta ce to, goge ta kawai za ta yi. Ya fita rabon naman layya ya bar ta a shagon, bai dawo ba sai la'asar. Tun daga ranar kwamfutar ta miƙe, har haruffa masu lanƙwasa take fitarwa ba tare da ya gyara su da biro ba. Kullum yakan ce ba a taɓa yin mai iya shara irin ɗiyarsa ba.

Da safen Laraba ya naɗe akwatin cikin bargo, ya rungume shi a bayan ɗan kabu-kabu. Hanyar shiru. Gero ya nuna a gonaki ba mai yanka. Sau biyu suka hangi babura daga nesa suka faɗa cikin dawa, suka laɓe har ƙarar ta ɓace. Malam bai saki bargon ba, bakinsa yana ta motsi.

Hafizullahi ne babban mai gyara a Sabon Birni, kuma shi ke sa wa mutane ta kamfani. Ya kwance akwatin, ya ciro abin da ya ƙone, ya sa wani. Fanka ta juya. Hoton da Malam ya saba gani ya bayyana, kowane maɓalli yana wurinsa. Sunayen suna nan, ɗari biyu da goma cif. Malam ya faɗi na sha ɗayan da ka, aka ƙara, aka buga takarda uku.

Sai a lokacin ya saki numfashi. Ya shafa akwatin kamar mai shafa kan jika.

"Ka gani ko? Da na biye wa Zayyanu ya zuba min tarkacensu na kyauta, da yanzu wa ya san inda sunan ɗiyata yake."

 Tun ɗazu Hafizullahi yake yamutsa fuska yana leƙa nan, yana leƙa can. Ya buɗe wani ɓoyayyen wuri, ya karanta. Sannan ya juyo da fuskar kwamfutar a hankali.

"Malam, wagga ai Linuks ce, an dai sa mata tufafin ta kamfani don kada ka gane." A ƙarƙashin yatsansa ga kwanan watan Babbar Sallar nan ta shekara huɗu da suka wuce, ga layi ɗaya: *Baba, ka yi haƙuri, ban gusa maka komai ba. Lubna.*